Mai neman asalin shuɗi

Ina zaune a shagon tsofaffin kaya a unguwar Ƙurban, a ƙasa mai tsarki, sai ga wani mutum ya shigo, ko sallama babu. Dogo ne, farar jallabiyarsa ta sha guga, tabarau a saman goshi, yana riƙe da wata na'ura mai kama da bindigar wasa. Wai mai bincike ne, yana bin diddigin kobalt, sinadarin da ke ba tangaran ɗin Sin shuɗinsa, ko daga duwatsun Farisa aka haƙo shi ko daga na Sin.

Hajiya Innayatu, wata tsohuwa a unguwar, ta kawo wa mai shago dabino a kwanon tangaran mai shuɗin zane na kakarta. Baƙon ya ɗauke kwanon da hannun hagu, ya juye dabinon a kan jarida. Mu a makarantar mishan, ko alli ka karɓa da hannu ɗaya sai ka sha rula. Ina jin shi ba a taɓa aikensa da abin da zai ji tsoron fasawa ba.

Ya kara na'urar a jikin kwanon, ta yi ƙara. Yana yamutsa fuska, yana zaro ɗan zarto daga aljihu.

"Ya Hajja, shuwayya, ɗan kaɗan kawai zan kankare daga zanen. Ba za ki ma gani ba."

"Ɗana, kwanon nan ya ƙetare Sudan goye a bayan kakata, bai tsage ba."

Ta karɓe abinta, ta naɗe a mayafi. Shi kuwa har ya juya, yana tambayar mai shago ko tsohuwar tana da 'ya'yan da za a iya magana da su.