Ɗorawar Da Ba Ta Cikin Ciniki

Shekara goma sha bakwai na yi ina karɓar haihuwa a asibitin garinmu, Kiru, kuma a tsakanin nan gidan haya shida na zauna. Na karɓi haihuwar 'ya'yan masu gidajen, amma hakan bai hana su aiko mini da saƙon in tashi ba duk lokacin da wani nasu zai yi aure. Tun rasuwar maigidana nake jan yara huɗu da kwanuka daga wannan lungu zuwa wancan. Shi ya sa da na ji akwai bankin da ke ba ma'aikata rancen sayen gida babu ruwa, a riƙa cira daga albashi, ban tsaya shawara da kowa ba.

Gidan da na samu a bayan gari yake, ta hanyar Bebeji, ɗaki uku da rijiya. Ba wani gida ba ne na a zo a gani. Abin da ya ja ni wata ƙatuwar ɗorawa ce a kusurwar yamma, inda ba a ja katanga ba sai dangar kara. Ina tsayawa a ƙarƙashinta na shimfiɗa tabarmata a zuci, har na zaɓi inda zan kafa murhu.

Banki ya ce gidan ne zai zama jingina, takardar mallaka za ta zauna a wurinsu sai na gama biya. Don haka sai lauya ya bincika ya tabbatar babu haƙƙin kowa a cikinsa. Suka ba ni wa'adi, in ya wuce ba a kammala ba, sai in koma bayan layi.

Lauyan da aka haɗa ni da shi mutumin Tudun Wada ne, siriri, marar gaggawa. In yana karanta takarda sai ka rantse haddace ta zai yi. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙurin jira ba. Ya je ofishin filaye a Kano ya duba ko an taɓa jinginar da gidan, ya bi ƙannen mai sayarwa ɗaya bayan ɗaya suka sa hannu, sannan ya kira safiyo a zo a auna.

Ranar awon muna tsaye da mai unguwa da mai sayarwa, safiyo yana jan igiyarsa, sai na ga lauya ya ɗaga kai yana kallon itacen nan. Ya daɗe yana kallo. Can ya juya ga mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ɗorawar nan ta wa ce?"

Na yi dariya. "Haba Barista, ta mai gida ce mana. In an jima kuma tawa."

Ba wanda ya taya ni dariyar. Mai unguwa ya dubi mai sayarwa, mai sayarwa ya dubi takalminsa.

Ashe wurin gonar kakan mai sayarwa ce kafin gari ya cim mata. Da aka zo rabon gado, maza suka ɗauki ƙasa, aka ba wa 'yar'uwarsu ɗorawar. Gwaggon mai sayarwa ce, tana aure can wajen Doguwa, kuma duk bazara sai ta zo da gorarta mai ƙugiya ta kaɗe abinta. Ni 'yar ƙasar nan ce, na san gona kan zama ta wani, itacen cikinta na wani. Kakata ma tana da tsamiya a gonar mutane. Amma ɗoki ya rufe mini ido, ko a raina ban kawo ba.

"Hajiya, tsohuwa ce fa," in ji mai sayarwa. "Kwana nawa ya rage mata? A rubuta kawai a wuce wurin."

Ina jin kunyar faɗin wannan, amma sai da na ja lauya gefe na rage murya.

"Barista, in mun yi shiru, wa zai gaya wa banki?"

"Ni," ya ce. "Ba zan sa hannu in ce babu haƙƙin kowa ba, alhali da kunnena na ji akwai."

Ranar na faɗa masa maganganu. Na ce shi bai taɓa kwana da kaya a ɗaure ba. Ya bari na gama, ya ce hanya ɗaya ce ya sani: mu je wurin tsohuwar ta sayar mini da itacen.

Muka hau mota zuwa Doguwa, daga nan achaɓa ya shiga da mu hanyar daji har gindin duwatsu. Muka same ta tana tsince kalwa a faifai, 'yar ƙaramar mace, bakin nan babu haƙori sai kaifin magana. Na durƙusa na gaishe ta, na zayyana mata komai, na faɗi abin da zan ba ta. Ba ta ko ɗago ba.

"'Yar nan, ba ta sayarwa ba ce."

"Iya, ki taimake ni. In ba ki yarda ba gidan zai kuɓuce mini, ga marayu."

Sai ta ajiye faifan. "Ranar da aka raba kayan babanmu, aka ce ni in riƙe itace, ban yi musu ba. Da daddawarta na yi wa 'ya'yana mata kayan ɗaki. Gonar ta tafi, gidanmu ya rushe, 'yan'uwana duk sun kwanta dama. In na sayar miki, me zan nuna in ce wannan na babana ne?"

Sau nawa aka tsaya a kaina aka ce in kwashe, ga shi ni ma na hawo achaɓa takanas na zo in tashi wata daga abinta.

A mota muna komawa, da muka wuce Tudun Wada sai na juya ga lauya.

"Barista, in ɗorawar ba ta cikin gidan fa? A yanke kusurwar, a bar mata."

"Fili zai ragu, Hajiya. Za a sake awo, banki ya sake kimanta gidan. Wa'adinki kuma ya kusa."

"A yanke. Kuma ka rubuta mata tata takardar, kada gobe wani ya zo mata da gatari."

Tun da na san shi, ranar na fara ganin haƙoransa.

Na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Na yi ta sintiri tsakanin Kiru da Kano har direbobin tasha suka haddace ni. A banki wani mai ɗaure da wuya ya tambaye ni ko da gaske saboda itace nake so a sake taswira. Na ce masa ƙwarai, in bai san abin da ke cikin miyar da yake sha ba, ya tambayi mahaifiyarsa. Lauya ya taka mini ƙafa, ya karɓi maganar da lalama, ya rubuta musu takarda har suka ƙara mana kwanaki.

A zauren dagaci aka sa hannu. Mai sayarwa ya sa, na sa, shaidu suka sa. Sannan lauya ya fito da wata takarda guda, ya karanta da Hausa cewa ɗorawar da ƙasar da ke gindinta na Iya ne, da magadanta a bayanta. Ta dangwala yatsa a tawada, ta danna da ƙarfi kamar mai kashe kwarkwata. Ta ce tun da aka haife ta ba a taɓa rubuta wani abu da sunanta ba.

Da na zo jan katanga sai ta fito a karkace, ta kewaye itacen. Har yau in ana kwatancen gidana, cewa ake gidan ungozoma mai karkatacciyar katanga. Su yi ta faɗa. Ni duk gidan babu inda nake so in nuna wa baƙo kamar wannan kwanar. Inuwar kuwa ba ta san da taswira ba, da la'asar cikin tsakar gidana take faɗowa.

Bazarar da ta biyo baya Iya ta zo da gorarta da jikokinta mata. Na kai mata ruwa a gindin itacen. Ta kwance bakin zaninta ta fito da takardar nan, an naɗe ta a leda biyu, ta nuna mini ko gefenta bai lanƙwashe ba.

"Ke ina taki?"

"Tana banki, Iya. Sai na gama biya za su ba ni."

Ta dube ni da tausayi, ta mayar da tata ta ƙulle.

"Allah sarki. To zauna a inuwata kafin nan."