Ƙasa Hawa Uku a Cikin Kwalba

Wiebke, mai gwajin ƙasa a ofishin gandun daji na tsaunin Harz a Jamus, ba ta san sunan dattijon ba. Yana tsaye gaban teburinta, takalmi duk taɓo, rigar ruwa na ɗiga, ya rungume wata doguwar kwalba a ƙirji. Ƙasa ce a ciki, hawa uku yadda ya haƙo ta: baƙa a sama daga ruɓaɓɓen ganye, fara kamar toka a tsakiya, ja kamar tsatsa can ƙarƙashi.

"Baba, wannan fodsol ce," in ji ta. "Tsami gare ta, ruwa ya wanke abincinta kaf."

"Ni ba sunanta na zo tambaya ba, 'yata. Sau uku ina dashe, sau uku yana bushewa. Don Allah ki sake dubawa."

Faratansa sun tsattsage, idanunsa jajur. Wiebke na zaton yana cikin waɗanda ƙwaro ya cinye wa itatuwa, gangaren ya zama fili fetal, gidansa kuwa a gindin tsaunin, kowane ruwan sama sai ya kawo masa laka har bakin ƙofa. Wataƙila mahaifinsa ne ya dasa dajin.

Ta zuba ƙasar kaɗan a takarda, ta ɗiga mata ruwan gwaji. Sakamakon bai sauya ba.

Bai yi musu ba. Ya sa gefen hannu yana tattara ɓarɓashin da ya zube a teburin, yana mayarwa cikin kwalbar.

"Bari in koma da ita," in ji shi. "Wadda ta rage a can ba ta da yawa."