Sudaddun Tayoyin Darlene

Darlene Pruitt maƙwabciyata ce a Tucson, katanga ce kawai ta raba mu. Rabin rayuwarta a kan sitiyarin bas ɗin 'yan makaranta ta yi shi, tana rarrafe da 'ya'yan mutane, ko ƙadangare ba ta taɓa takawa ba. Tana yin ritaya sai ga ta da wata jar mota mai kujera biyu, 'yar gajeruwa, wadda in ta tayar da ita da safe sai karnukan layinmu duka sun amsa. Ɗanta Curtis, ma'aikacin inshora, tun ranar ya sa motar nan a gaba. Kullum zancensa ɗaya, wai ta sayar ta sayi ta tsofaffi.

Tayoyin motar da garanti aka sayar mata: za su ci mil dubu talatin, in sun gaza a musanya mata. Ko rabi ba su yi ba na baya suka sude. Ta ɗauke ni muka nufi shagon da ta sayi tayoyin, Curtis ya biyo mu a tasa motar, wai zai taya ta magana.

Manajan shagon, wani mai gemu da ake kira Wade, ya duƙa ya shafa tayar, ya miƙe.

"Madam, garantin nan sai ana sauya wa tayoyi wuri, na gaba su koma baya, na baya su dawo gaba. Ke kuwa ba ki taɓa yi ba."

"Sauya su mu gani," in ji Darlene. "Na bayan sun fi na gaban faɗi, haka aka ƙera motar. Kai ka ɗaura su da hannunka, ko idonka a rufe yake?"

"To, ƙa'idar kenan."

"Wato ka sayar min da alkawari, ka ɗaure shi da sharaɗin da ka san motata ba za ta iya cikawa ba."

Ni dai raina ya ɓaci, har na fara naɗe hannun riga. Amma Curtis ne ya ƙarasa ɓata lamarin. Maimakon ya tsaya wa uwarsa, sai ya sassauta murya kamar mai lallashin mara lafiya.

"Mama, kin gani ko? Motar nan ta fi ƙarfinki. Kawo makullin, ni zan nemo mai saye."

Ya miƙa hannu fa, a gaban mutane, ko kunya babu.

Darlene ta dubi hannun, ta mayar da ido kan Wade.

"Fito min da sababbi biyu, garantinka kuma riƙe abinka. Waɗannan tsofaffin, akwai sauran roba a jikinsu?"

"Kaɗan."

"Kaɗan ɗin ma mallakina ne."

Ta shiga mota, ta ja ta gefen filin da babu kowa, ta danne birki, ta taka totur. Tayoyin baya suka yi ta kuka a wuri ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe, ƙaurin roba ya cika shagon. Makanikai suka fito suna tafi. Ni kuwa dariya har da hawaye, wallahi na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba.

Ta fito tana gyara furfurarta, ta wuce ɗanta, ta cilla wa Wade makullin.

"Ɗaura min. In ka gama, a hannuna za ka sa shi, ba a hannun yaron nan ba."

Sannan ta juya ga Curtis.

"Na kai 'ya'yan garin nan gida lafiya, har da kai. Yanzu kaina na ɗauko, kuma ni na san inda zan kai shi."