Ɗan da Hindatu Ta Ce Ya Rasu

Hindatu ta zo Dutse a 1992, ta samu aikin buga takardu a sakatariyar sabuwar jiha. Bazawara ce daga wani ƙauye a bayan Ringim, inda ta baro ɗanta Sale, ɗan shekara uku, a hannun kakarsa ta wajen uba. Da Malam Abdurrahim ya fito neman aurenta ya tambaye ta ko tana da 'ya'ya, sai ta ji tsoron kada ya fasa. Ta ce ta haifi ɗaya, amma ya rasu.

Suka zauna a Limawa, ta haifi 'ya'ya mata uku. Da aka ƙaddamar da shari'a ta shiga karantar da matan aure a Islamiyyar unguwa. Duk ranar da aka zo babin haƙƙin 'ya'ya a kan iyaye, ba ta ɗaga ido daga littafi har a tashi. Sau biyu kakar Sale tana aiko mata da saƙo, sau biyu tana sallamar 'yar saƙon tun daga zaure.

Wata ranar Asabar suna gyaran zogale da babbar 'yarta Nuriyya, wadda ta shiga jami'a a lokacin, sai yarinyar ta ce, "Umma, kin san ƙwayoyin halittar ɗan tayi suna ratsawa cikin jinin uwa? Wasu har ƙwaƙwalwa suke kaiwa su zauna. An duba ta tsofaffin mata bayan sun rasu, aka tarar da ƙwayoyin maza a ciki, ana kyautata zaton na 'ya'yansu ne." Ta yi dariya. "Ke dai namu ne kawai a kanki, mata zalla."

"Ko da uwar ba ta rene shi ba?"

"Ina ruwan ƙwaya da reno, Umma?"

Hindatu ta ture tiren ta shige ɗaki.

Washegari bayan karin kumallo ta durƙusa ta gaya wa mijinta komai. Da ta gama ya ce, "Shekara ashirin da biyu ina sa yaron nan cikin addu'ar mamata. Ɗauko mayafinki."

A kasuwar Ringim suka same shi, dogon saurayi mai sayar da albasa. Da suka gabatar da kansu, ya karkaɗe benci ya ce, "Zauna mana, Hajiya." Ta fara neman gafara, ya katse ta.

"Kakata Inna kafin ta rasu kullum cewa take aikin gwamnati ne ba ya barin ki zuwa."

Hindatu ta rufe fuska da mayafi, ta kasa gyara masa maganar. Malam Abdurrahim ne ya gyara, a hankali, a gaban masu ciniki.

Yanzu duk wata takan hau mota ta je Ringim. Sale yana karɓar ta da mutunci, ya cika mata leda da albasa. Har yau Hajiya yake ce mata.