Shekarar da Aka Fara Shuka Gayaunata

Da mahaifinmu ya rasu, gandun gida ya koma hannun yayana. Mutum ne da ba ya zama, ba ya kuma barin kowa ya zauna. Shi ya maida gonarmu ta kusa da Gangara wurin noman iri: hatsi mai saurin nuna da farin wake, a tsince, a ɗure a buhu, a kai Agiye manoma su saya kafin damina. Har ƴan barema muka fara ɗauka. Gida ya ga canji, ba zan ɓoye ba. Ni dai ban ga nawa ba.

A wurinmu kowane ƙane yana da gayauna, ƴar gonar da aka yanka masa, abin da ya noma a ciki nasa ne. Amma tun kakanni, in ruwan shuka ya sauka gandu ake fara shukawa, kowa da kowa, sai an gama ka nufi taka. Zamanin baba gandun bai da yawa, ana gamawa da sauran laima a ƙasa. Yaya kuwa ya yi ta ƙara gona kan gona. Kafin a sallame ni, rairayin gayaunata ya bushe ƙamas, in zuba iri ya kwanta jiran wani ruwan, ɓeraye su tone rabi. Abin da nake girbewa ko a gaban yara abin kunya ne. Ga ni da mata, amma ragon sunan ɗana na fari ma yaya ne ya saya.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ni kuma ban iya faɗa ba, sai kumburi. Na shirya da wani direba a tasha: ruwa na sauka in taya su shuka don kada a ce na gudu, sannan in bi mota arewa wurin haƙar zinariya. Matata kaɗai na gaya wa. Ita ta gaya wa matar yaya wurin daka, ka san sauran. Na yi ta jira yaya ya kira ni ya yi mini wa'azin zumunci, har na tanadi amsa mai zafi. Bai kira ni ba.

Ruwa ya sauka, aka ɗora iri da sungumai a amalanke muka fita, yaya riƙe da igiyar san da ke jan ta. Da muka kai mararraba, maimakon hanyar gandu sai ya juya san hagu. Ƴan barema suka ɗauka mantuwa ce. Ya ce musu daga gayaunata za a fara yau.

Na ce, "Yaya, gandu fa?"

Ya ce, "Gandu ba shi da ƙafa, yana nan inda yake. Kai ne mai ƙafa."

Shi ya ɗauki sungumi da kansa yana sara, ni ina biye ina zuba iri ina binnewa da diddige, ban iya ɗaga kai ba. Daga tawa aka wuce zuwa ta matan gida, sannan gandu. Abin bai tafi a banza ba: gefen jigawa da aka shuka a ƙarshe bai fito ba, aka sake shi a makare, irin da muka kai Agiye a shekarar bai ishi masu jira ba. Sun yi ta mita. Yaya ya sha mitar shi kaɗai, bai taɓa goranta mini ba ko da wasa.

Da direban ya aiko a tambaye ni, hatsina ya riga ya fito layi-layi, kore shar. Na ce a gaya masa ina da noma.

Tun daga nan na sha zama taron horo kan shugabanci, ana zana mana yadda za a raba aiki da yadda za a nemi kasuwa. Suna da amfani, wallahi. Sai dai ban ji wanda ya tambayi wa ake bari a ƙarshe kullum ba, alhali shi ne ke fara tambayar hanyar tasha.

Yanzu gwiwa ta zaunar da yaya, igiyar sa tana hannuna. Bana ma an yanka wa babban ɗansa gayauna, kuma matata ta kawo mini labari daga wurin daka cewa yaron yana yawan zama da direbobi. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, na kuma san inda zan juya san in mun kai mararraba.