Baba Lab da Ɗan Aikensa na Dankali

Ƙarfe shida da rabi, kafin mai shara ta kai bakin ofis, Baba Lab ya riga ya buɗe ɗakin gwaji. Zai sa farar rigar nan da wanki ya cinye wuyanta, ya buɗe tagogi, sannan ya bi kwalabe ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su wajen haske. Wadda ya ga tabo a jikinta wanki za ta koma, ko da shi ya wanke ta jiya. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki a makarantar 'yan mata, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye. Sunansa na gaskiya sai dai a tambayi takardun ofis. Ɗalibai da malamai, har matarsa in tana jin tsokana, Baba Lab suke cewa.

Ba malami ba ne, bai kuma taɓa cewa shi malami ne ba. Shi ne mai wanke kwalabe, mai auna gishiri, mai yanka dankali. Amma duk yarinyar da darasin osmosis ya shige mata duhu, wajensa take lallaɓowa. Zai yanka dankalin turawa siri-siri guda biyu, ya jefa ɗaya a ruwa zalla, ɗaya a ruwan gishiri mai ƙarfi, ya ce ta je ta dawo. In ta dawo, na ruwa zalla ya sha ya yi tauri, ana lanƙwasa shi zai karye, na gishiri kuwa ya yi laƙwas kamar igiyar takalmi. Sai ya ce mata ruwa ne ke bin gishiri, yana ratsa fatar ƙwayoyin dankalin ya tafi inda gishiri ya fi yawa. Jikin mutum ma haka yake, shi ya sa ba a ɗaura wa marar lafiya ruwa zalla a jijiya, don ƙwayoyin jini za su sha su kumbura su fashe. Ma'aikatan jinya da dama da suka bi ta makarantar sun ce a bakinsa suka fara gane wannan.

Yana da wata ɗabi'a da malamai suka daɗe suna yi wa dariya. Kafin kowane gwaji sai ya yanka ƙarin dankali guda, ya jefa a ruwan da aka haɗa, ya jira minti arba'in. Ɗan aike yake kiransa. Wai ba ya tura 'ya'yan mutane inda ɗan aikensa bai je ya dawo ba.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka kawo sabuwar malamar kimiyya, yarinya ɗanya shakaf, kanta cike da littafi. Ana gobe jarrabawar fita da ake yi a ɗakin gwaji, ta ce ita za ta haɗa ruwan gishirin da hannunta. Ta auna sau biyu, ta zuba a jarka, ta cika da ruwa, ta ɗan girgiza, ta rufe. Da safe ta rarraba a kofuna hamsin da takwas, ɗaya ga kowace ɗaliba. Da ta ga Baba ya ɗauko wuƙa, ta ce masa cikin ladabi amma da ɗan ji da kai, yau ba sai an aiki kowa ba. Ya ce to, Malama, ya kuma jefa abinsa a kofin ƙarshe.

Tara saura kwata ya ciro ɗan aike. Ya lanƙwasa, sai ji suka yi ƙas. Ya ɗaga jarkar wajen taga, ga gishiri nan fari fat kwance a ƙasa, bai narke ba. Ashe kusan ruwa zalla ta raba wa yara. Da an shiga a haka, 'yan mata hamsin da takwas za su zauna suna jiran dankali ya yi laushi, ba zai yi ba, su rubuta abin da idonsu ya gani, mai maki ya soke. Karatun shekara uku ke nan, jarrabawar kuma sau ɗaya ake yin ta a shekara.

Malama ta ƙura wa gishirin nan ido. Baba ko kallon tuhuma bai yi mata ba.

"'Yata, ɗauki na layin taga, ni in ɗauki na ƙofa. A mayar da kowane kofi cikin jarka, kada ɗigo ya zube."

Suka mayar. Ya rungumi jarkar nan a ƙirji, mai nauyin yaro ɗan shekara biyar, yana girgiza yana ɗagawa wajen haske, gumi na bin wuyansa, har ƙwayar ƙarshe ta ɓace. Tara ta buga, mai sa ido daga waje yana tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo, yara sun yi layi a baranda. Shugaban makaranta ya shigo a fusace yana tambayar wa ya jawo wannan. Kafin Malama ta buɗe baki, Baba ya riga ta.

"Ranka ya daɗe, shirin ɗakin nan a wuyana yake. A ba ni minti ashirin."

Shugaba ya wanke shi tas a gaban baƙo da ɗalibai, har da cewa tsufa ya fara taɓa shi. Baba ya sunkuyar da kai yana ci gaba da cika kofuna. Aka shiga tara da minti ashirin da biyar. Dankali ya yi laƙwas a kowane tebur, yara suka rubuta abin da ya dace.

Malama ta yi niyyar zuwa ofis washegari ta faɗi gaskiya, ta kasa. Ta ce sai mako mai zuwa. Tana cikin shekarar gwaji a lokacin, kuskure ɗaya irin wannan ya isa a sallame ta, ga ƙanne uku da take riƙe da su. Mako ya zama shekara, maganar ta kwanta, Baba kuma kullum da fara'arsa yake gaishe ta. Ta ɗauka a faɗan nan abin ya tsaya.

Sai watan jiya, da ta zama ita ce shugabar sashe, aka kawo mata fayil ɗinsa ta sa hannu. A ciki ta tarar da takardar gargaɗi, guda ɗaya tilo a shekara talatin da ɗaya, da kwanan watan ranar nan. A bayanta kuma wata takarda da ta hana shi ƙarin girma a shekarar. Ta kulle ofis ta yi kuka mai isarta. Ta rubuta gaskiyar abin da ya faru, ta sa hannu, ta kai da kanta, aka cire takardar gargaɗin. Sannan ta same shi a wajen famfo yana wanke kwalabe, ta durƙusa, ta tambaye shi don Allah me ya sa bai taɓa faɗa ba.

Ya ɗago ta da jiƙaƙƙen hannunsa. "Ni takarda kawai za su ba ni, 'yata. Ke korar ki za su yi. Wa zai koyar da yaran?"

Kai ne wannan, Baba. Kai ne ka tsaya aka zage ka a gaban 'ya'yan cikinka don kada su faɗi, don kada kuma yarinyar da ta raina wuƙarka ta rasa aikinta. Ba ka da allo, ba ka da alli, sunanka bai taɓa fitowa a takardar sakamakon kowa ba. Mu abokan aikinka mun ji kunya da muka daɗe ba mu ce komai ba, muna kuma ƙaunarka. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar baya.

Ku kuma masu haɗa wa wasu abin da za su dogara da shi, ku gwada kafin ku miƙa. In akwai wani dattijo a wajen aikinku da ya taɓa ɗaukar muku faɗa, kada ku jira fayil ɗinsa ya zo teburinku. Ku je gobe da safe, yana nan a bakin famfo.