Ƙarfen Salmatu Mai Tuwo

Duk wanda ya ci tuwo a tashar Jibiya zamanin da gyaɗa ke tashe, wajen 1954 zuwa gaba, ya san rumfar Salmatu. Teburin gorona a jikin ginshiƙin rumfar yake jingine, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Mace ce siririya mai ƙaramar murya, irin wadda in ta wuce ka sai ka ce ko kaza ba za ta iya kora ba. To, a gaban idona ta tsugunar da mai motoci huɗu, kuma ko sau ɗaya ba ta zage shi ba.

Asalinta ba 'yar tasha ba ce. 'Yar manoma ce daga Mazanya, aka kawo ta gidan Uwaisu direba, ta haifa masa 'ya guda, Ma'u. Ba ta san hanyar tasha ba sai da abin da ya faru ya faru.

A lokacin mota takan zo daga kamfani da kai da ƙashin baya kawai, kafintoci su kafa mata bodin katako. Daga nan kowa sai ya shiga yi mata abin da ransa ke so. Wannan ya sayo ƙahon Faransi mai kuka kamar jaki, wancan ya jera madubai, wani ya ƙara tankin mai, wani ya canza taya. Uwaisu kaɗai ne ba ya ƙara ko ƙusa. In aka kawo masa wani abu daga Maraɗi aka ce ya fi na jikin motar kyau, sai ya juya shi a hannu, ya mayar wa mai shi, ya ce wanda ya ƙera ta ya fi kowa sanin ta. Har suna muka sa masa, Na-kamfani. Ni dai ina ganin ya cika tsanani, don ban taɓa jin ƙaho ya kashe kowa ba. Amma kullum da safe, kafin ya tayar da mota, sai ya durƙusa ya ƙwanƙwasa sifirin ɗinta da sifana, wato faifayen ƙarfen nan da aka ɗora bisa juna masu ɗauke da nauyin kaya, ya kasa kunne. Salmatu ta ce har a gida bai bar ta ta huta ba, marfin tukunya ma ƙwanƙwasa shi yake, yana koya mata cewa ƙarfen kirki kuka yake yi, matacce kuwa tari.

Motar ba tasa ba ce. Ta Alhaji Lawwali ce, mutumin da ke kwaso gyaɗa daga ƙetaren iyaka, ƙasar da muke ce wa Faransi don Faransawa ke mulkinta, a kai ta Kano ga jirgi. Alhaji ba ya ƙaunar ya ga mota ta tashi alhali akwai sauran buhu a ƙasa. Wata kaka ya sayo gawar wata motar Faransi, ya sa Rabe maƙeri ya yanko sifirin ɗinta, ya sa a wuta, ya lanƙwasa, aka cusa cikin na motocinsa don su ɗauki abin da ba a ƙera su su ɗauka ba. Kafintoci kuma suka ƙara wa bodin tsawo.

Ina zaune Uwaisu ya ƙwanƙwasa, ya miƙe yana kaɗa kai.

"Alhaji, wanga ƙarhe wuta ta kashe shi. Ba shi ɗaukar kaya."

"Kai direba na ko mai mato?" in ji Alhaji. "In ba ka iyawa, aje makulli, ga mutane nan na jira."

Mai iyali ne, kuma motar ba ta ubansa ba. Ya hau ya tafi. A dawowarsa daga Maraɗi, da rana tsaka, ya wuce duwan, wato kwastan na Faransi, ya ƙetaro iyaka, a gangaren da ke sauka gulbi ƙarfen maƙera ya karye. Ƙafar baya ta goce, mota ta kife da buhunan da suka yi mata tozo. Uwaisu ya rasu nan take, tare da mutum biyu da ke zaune bisa kaya.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci har gobe. A ƙasar Faransi mota hannun dama take bi, a tamu kuwa a wancan zamani hannun hagu. Duk direban da ya ƙetaro iyaka dole ya sauya hannu. Tun ba a share makoki ba Alhaji ya baza cewa Uwaisu ne ya manta ya sauya, ya ci gaba da tafiya a hannun Faransi, da ya hango ayarin raƙuma sai ya fizge sitiyari. Waɗanda suka tsira a saman buhuna suke, ba su ga komai ba sai sama ta koma ƙasa. Mamaci kuma ba ya tashi ya ce ƙarya ne. Maganar ta zauna daram, ta koma abin tsokana. In sabon direba ya yi wauta, sai ka ji an ce ya bi hannun Uwaisu. Mutumin da ko madubi ba ya ƙara wa mota don tsoron kuskure! Har dandali abin ya kai, 'yan mata na kiran Ma'u ɗiyar mai hannun Faransi, yarinya ta dawo gida da kuka.

Salmatu ta yi zamanta a gida har ta fita takaba. Ranar da ta fita, ba gidan dangi ta fara zuwa ba, maƙera ta nufa. Rabe ya kwaso tarkacen motar zai ƙera fartanya da su. Shi ya ba ni labari da bakinsa, ya ce ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗauki ƙaramar guduma ta dinga ƙwanƙwasa ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, har ta ware guda biyu. Ɗaya dogo, lafiyayye, na kamfani. Ɗayan guntu ne, karyayye, da tabon wuta a jikinsa.

"Baba Rabe, wanga aikinka na?"

Ya ce ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Aikina na, ɗiyata. Abin da anka sa ni shi na yi."

"Ba kai nika nema ba," in ji ta. Ta naɗe su a zane ta ɗora a ka.

Ba a yi sati biyu ba sai ga ta ta kafa rumfar tuwo daidai inda motoci ke lodi. Ta rataye ƙarafan biyu da igiya a jikin azara. Ba wanda ya kula, don ba baƙon abu ba ne mai abinci ta buga wani abu in tuwo ya sauka. Miyar kukarta kuwa, Allah ya jiƙanta, ta sha daddawa, direbobi suka yi mata caa.

A hankali muka gane bugun ba na tuwo ba ne. Kujerarta 'yar tsugunno ce, in ta zauna idonta daidai yake da ƙarƙashin mota. Motar da sifirin ɗinta ke yadda ya zo, in ta fara lodi, sai Salmatu ta ɗauki muciya ta bugi dogon ƙarfen, ya yi ƙara mai tsawo har bakin kasuwa. Wadda aka yi wa cushen maƙera kuwa, sai ta bugi guntun, ya ce ƙwal, ya yi shiru. In aka tambaye ta, amsarta ɗaya ce. Wannan na kamfani ne, wannan kuma daga motar da ta faɗa gangaren gulbi aka ciro shi. Ba ta ƙara ko kalma.

Matan Gangara masu kai daddawa da kuka Katsina su suka fara saukowa. Mota ta cika, aka ji ƙwal, wata tsohuwa ta ce a miƙo mata ƙwaryarta, ita ba yau za ta ba. Sauran suka biyo ta. Kafin kaka ta zagayo, manoman Bugaje ma sun koyi tsayawa nesa da mota su jira muciyar Salmatu. Direbobin da suka yi cushe suka yi ta gunaguni, daga baya kowa ya lallaɓa ya cire nasa. Masu ƙahon Faransi da masu madubi kuwa ba ta taɓa kula su ba, ƙarfe mai kuka take buga musu, su ci tuwo su tafi.

Alhaji Lawwali ya kai ƙara gaban alƙali cewa mai tuwo na kashe masa kasuwa. Alƙali ya tambaya me ta ce. Aka ce ba ta ce komai ba, ƙarfe take bugawa. Alƙali ya ce to shi bai san hukuncin bugun ƙarfe ba, sai dai in Alhaji ya san abin da ƙarfen ke faɗa ya gaya wa majalisa. Alhaji ya tashi yana gyara rawani. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as, kuma duk wanda ke wurin ya ga haka a fuskarsa.

Da abin ya ishe shi, ya sa aka cire cushen daga motocinsa huɗu, aka aiko da sababbin sifirin daga Kano, aka rage tsawon bodi. Aka jera su a tasha an wanke su tas. Ta farko ta fara lodi. Salmatu ta sunkuya ta duba ƙarƙashinta da kyau, ta ɗauki muciya, ta bugi guntun ƙarfen.

Ni kaina sai da na juyo. Na ce, "Salmatu, ai ya cire."

"Ya cire na mato," in ji ta, tana kwasar tuwo ba ta ko dube ni ba. "Na bakinai hwa?"

A nan na san ba gyaran motoci ya fito da ita daga gida ba. Kuma wallahi ban ga laifinta ba. Haka aka yi ta tafiya, motocin Alhaji lafiya lau, ba mai hawa. 'Yan kasuwar gyaɗa ma suka fara kai buhunansu wurin wasu, don ba mai son a ce kayansa na kan motar da aka buga wa ƙwal.

Wata rana da hantsi sai ga shi da kansa a rumfar, mutumin da a da ko inuwarta ba ya bi. Ya tsaya yana murza carbi, ya ce ta faɗi abin da take so, ko gida, ko jari.

Salmatu ta ajiye mara. "Alhaji, ran kasuwa za ka hau bisa mato, ka hwaɗa ma mutane abin da ya kashe uban Ma'u. Ni ba ni hwaɗin sunan mijina, ka sani. Kai za ka kira shi, da ƙarhi, kowa ya ji. In ka yi, ni kau in sauke wanga ƙarhe, ba ni ƙara buga shi."

Ya yi ta kai-komo kamar zai tafi. Ina ganin lissafin da ya yi shi ne kunyar yini ɗaya ta fi asarar shekara sauƙi. Ranar kasuwa, tasha ta cika maƙil, ya taka matakalar mota. Da farko ƙasa-ƙasa ya yi magana, wani daga baya ya ce ba a ji. Ya ɗaga murya ya ce Uwaisu bai manta hannu ba, a hannunsa yake tafiya. Ya ce shi ya sa aka cusa ƙarfen maƙera, Uwaisu ya hana, ya tilasta shi. Ya ce maganar raƙuma shi ya ƙaga ta.

Salmatu na tsaye riƙe da hannun Ma'u. Ban ga hawaye a idonta ba. Ta koma rumfa, ta kwance guntun ƙarfen kamar yadda ta yi alkawari, ta cusa shi a murhu ƙarƙashin tukunyar miya. A nan ya zauna wuta na cinsa har ƙarshen rayuwarta.

Abin da Alhaji bai hango ba shi ne, a da zargi ne kawai ake yi. Yanzu da bakinsa ya faɗa a gaban kasuwa cewa ya jawo mutuwar mutum uku kuma ya yi wa gawa ƙarya. Dangin mutum biyun nan suna cikin taron. Direbobinsa suka ajiye makullai ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya ga abin da za a ce a kansa in ya mutu a bakin aiki. Maganar hannun Uwaisu ta mutu a tasha tun daga ranar, ba wanda ya ƙara kiran Ma'u da wani suna sai nata. Motoci kuwa Alhaji ya sayar da su bi da bi kafin damina biyu.

Na taɓa tambayarta ko ta san haka abin zai ƙare. Ta ce ita alkawarin sauke ƙarfe ta yi, kuma ta sauke. Ba ta tuna ta yi na yafewa ba.

Ranar da Alhaji zai bar garin ya koma wurin wani ɗan'uwansa a Maraɗi, a motar haya ya tafi, shi da akwati ɗaya da buta. Ya hau bisa buhuna ya zauna cikin talakawa, ya ja rawani ya rufe rabin fuska. Salmatu ta sunkuya daga kujerarta ta duba ƙarƙashin motar, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta miƙe ta bugi dogon ƙarfen da dukkan ƙarfinta, ya yi ta kuka har mutane suka juyo.

"Sauka lahiya, Alhaji," in ji ta. "Wagga ba a ƙara mata komi ba."